Goro Ba Ya Auren Kansa

A wannan wata za mu ɗan bar cikin gari mu leƙa kurmi, domin akwai wata magana game da goro wadda muke ganin ya kamata kowane ɗan Zongo ya san ta, ko da bai taɓa riƙe adda ba. Maganar ita ce, me ya sa za ka ga itacen goro ya girma, ya yi rassa, ganye shar, kowace shekara ya cika da fure, amma da ƙyar ya ba da kwanso biyu ko uku, wani ma ko ɗaya? Wasu manoma kan ce ai namiji ne. Wasu su ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba. Akwai ma masu cewa hannu aka sa masa. To, masana ilmin tsirrai suna da tasu amsar, kuma wani babban yanki na amsar a ƙasar nan aka gano shi, a garin Tafo da ke Jihar Gabas.

Ba sai mun tsaya dogon bayani a kan abin da ya haɗa mu da goro ba. Goro ne ya taso kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka bi ayari wata da watanni har Salaga a ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara da sauran garuruwa, zangunan kudu suka cika. Shi kansa Alhassan Ɗantata, wanda ya zama babban attajirin Kano kafin rasuwarsa a 1955, ya yi fataucin goro a ƙasar nan, yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Har gobe manyan motoci na tashi da huhunan goro daga ƙasar Asante da Ahafo da Akyem zuwa Najeriya da Nijar. Kuma a cikinmu akwai waɗanda ba su tsaya ga saye da sayarwa ba, sun sa kuɗinsu a gona, ko sun ba manomi jari bisa alkawarin za a biya su da goro. Su ne wannan magana ta fi shafa. Goron da aka shuka daga ƙwaya yakan ɗauki shekara shida zuwa bakwai kafin ya fara haihuwa. Mutum ya jira shekara bakwai sannan ya gane gonarsa juya ce, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Bari mu fara daga fure. Ba a samun 'ya'ya sai an yi barbara, watau sai garin fure, wannan ƙura mai laushi da ke fitowa daga ɓangaren namiji, ya sauka a kan ɓangaren mace. In ya sauka sai ya tsiro da wani siririn zare wanda ido ba ya gani, zaren ya bi ta wuyan macen ya gangara har cikin mahaifar furen inda ƙwayayen iri suke jira. A mafi yawan tsirrai namiji da mace suna cikin fure guda, kusa da juna kamar hanci da baki. Mai hankali zai ce to ai an huta, kowane fure ya auri kansa. Wasu kuwa haka suke yi: wake da gyaɗa da shinkafa da tumatir duk suna iya wadatuwa da garin furensu. Amma da yawa ba su yarda ba, kuma kowanne da dabararsa. Gwanda da dabino sukan raba jinsi, wannan itace namiji, wancan mace. Masara ta kai namijin can ƙololuwa ta bar macen a gefen kara. Gero kuwa macen ke riga fitowa, kafin namijin zangarniyar ya nuna ta riga ta karɓi garin maƙwabta.

Akwai kuma dabarar da ta fi waɗannan duka zurfi, wadda ita ce maganarmu ta yau. Itacen yakan gane garin furensa, ya ƙi shi. Ƙwaro zai kawo garin, ya sauke shi daidai inda ya kamata, garin lafiyayye, macen lafiyayya, amma ba za a ɗauki ciki ba. In aka kawo garin wani itace dabam, nan da nan sai a ɗauka. Masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na ire-iren tsirrai masu fure suna da wannan hali. Goro na cikinsu, haka ma ɗan'uwansa koko, wanda ake sayar wa Turawa suke yin cakulan, ba wanda muke sha da ƙosai da safe ba. Dangi ɗaya ne su biyun a lissafin masana.

Me itace zai ci da wannan tsiya, har ya gwammace ya zauna ba 'ya'ya? Dalilin yana cikin gado. Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar takan zo da lahani, amma muddin abokiyarta lafiyayya ce, lahanin ba ya fitowa. Mu a nan mun san wannan ta hanyar ciwon sikila: mai AS lafiyarsa lau, sai ya auri wani mai ɗauke da S sannan ake iya haifar SS. To, itacen da ya auri kansa kamar mai AS ne ya auri hotonsa a madubi, kuma ba a kan ƙwaya ɗaya ba, a kan duk wani lahani da yake ɓoye da shi. Charles Darwin na Ingila ya yi shekara 11 yana gwada wannan a lambunsa, ya buga sakamakon a 1876, inda ya nuna cewa a yawancin tsirran da ya gwada, 'ya'yan barbarar waje sun fi 'ya'yan barbarar kai tsawo da ƙarfi da yawan iri.

Darwin ya ga abin, amma bai san yadda ake gadonsa ba. Sai a 1925 wasu masana biyu a Amurka, East da Mangelsdorf, suka yi aiki a kan dangin taba, suka nuna cewa wuri guda ne a cikin kayan gadon tsiron ke riƙe da wannan hukunci. Aka yi wa wurin laƙabi da harafin S. Hanya mafi sauƙi da za mu fahimce shi ita ce mu tuna da tsagar gado. A da, in ka dubi fuskar mutum za ka san Bagobiri ne ko Bakabe ko Babarbare. Haka kowane itace yake da tsaga biyu, ta uwa da ta uba, ana kiransu S1, S2, S3, har zuwa abin da ya sawwaƙa. Garin fure yana zuwa da tsagarsa. In macen ta duba ta ga tsagar gidansu ce, sai ta rufe ƙofa. Ka ga ke nan ba kanta kaɗai take ƙi ba, har da duk wani itace mai tsaga irin tata, ko da a wata gona yake. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsagogin nan suna da yawa ƙwarai. A dangin kabeji kaɗai an ƙirga wajen 50. Dalilin yawansu ma abin lura ne. Itacen da tsagarsa ta cika gari, ƙofofi da yawa a rufe suke gare shi. Wanda ya zo da baƙuwar tsaga kuwa, kowa na marhabin da shi, sai zuriyarsa ta yaɗu, har ita ma ta zama gama-gari, wata baƙuwar ta karɓe kasuwa. Da haka ba wadda ke ɓacewa, ba kuma wadda ke cinye sauran.

Sanin ainihin abin da ke cikin wurin nan na S bai samu ba sai daga shekarun 1980. Da aka buɗe, sai aka tarar ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, aƙalla biyu ne manne da juna, ɗaya tana aiki a jikin mace, ɗaya a jikin garin fure, ana gadonsu tare kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Abin da ya ƙara ba masana mamaki shi ne, kwaɗon ba iri ɗaya ba ne a duk dangogin tsirrai, wasu da irin nasu dabam.

A dangin kabeji a bakin ƙofa ake yanke hukunci. Akwai wani furotin mai gadi a fatar macen, ana ce masa SRK, wanda ƙungiyar Nasrallah ta Jami'ar Cornell ta bayyana a 1991. A jikin garin kuma akwai wani ɗan ƙaramin furotin, SCR, da aka gano a 1999. In ɗan ƙaramin ya shige daidai cikin mai gadin, an gane ɗan gida ne, sai a hana shi ruwa. Garin da bai sha ruwa ba kuwa ba ya tsirowa.

A dangin taba da tumatir da gauta, ana barin kowa ya shigo, sai a tsakiyar hanya a gama da wanda za a gama da shi. Adrienne Clarke da abokan aikinta a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya ne suka ware ƙwayar gadon ɓangaren macen a 1986, a 1989 kuma aka gane cewa abin da take haifarwa guba ne mai ragargaza saƙonnin da zaren garin ke rayuwa da su. Kowane zare yana shan gubar nan. To yaya baƙo ke tsira? An sami amsar dalla-dalla a 2010 ta hanyar wani furen ado mai suna fetuniya: garin yana tafe da makarin guba iri-iri, fiye da goma sha biyar, yana da makarin gubar kowane gida in ban da ta gidansu. Wannan, a ganinmu, ita ce mafi ban al'ajabi a cikinsu. Ba a koya masa ya san kansa ba, an dai hana shi maganin kansa ne kurum. Tumatirin da muke saye a kasuwa ya yar da wannan hali tun da daɗewa, amma 'yan'uwansa na daji a Kudancin Amurka da yawa suna nan da shi. A wani dangin kuma, na furen fofi, wanda Noni Franklin-Tong ta Jami'ar Birmingham ta daɗe tana bincike a kai, in garin ya gane ya sauka a gidansu, shi da kansa yake kashe kansa.

Yanzu mu dawo gida. Kokon da Tetteh Quarshie ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem, irin da ake kira Amelonado ne, kuma shi yana auren kansa ba tare da wata matsala ba. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen yaɗuwarsa, domin ko kwanso ɗaya mutum ya samu ya isa ya kafa gona. Kafin 1911 ta ƙare, ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. Sai dai gonakin duk kusan jini ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya zai kama saura. A 1936 aka ba da rahoton ciwon kumburin reshe a Jihar Gabas, ciwon da ya kashe itatuwa miliyoyi, kuma har yau ana sare gonaki saboda shi. Wannan ciwo na cikin dalilan kafa tashar bincike a Tafo a 1938, wadda ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya a 1944, sannan ta koma Cibiyar Binciken Koko ta Gana a 1962.

A 1944 ɗin nan ne wani masani mai suna Posnette ya kawo sabon jini daga Tirinidad, zuriyar itatuwan da F. J. Pound ya tattaro daga kurmin kogin Amazon. Sabon kokon ya fi ƙarfi, ya fi saurin haihuwa. Amma ya zo da halinsa na daji: da yawansa ba ya auren kansa, wasu ma ba sa auren 'yan'uwansu. Dole aka zauna a Tafo ana ɗaukar gari daga wannan fure ana sa wa wancan da ɗan hantsaki, ana rufewa, ana rubuta wanda ya kama da wanda ya zube. Daga wannan aiki na haƙuri ne masana biyu, Knight da Rogers, suka buga sakamakonsu a 1953 da 1955, suka nuna tsaga biyar a cikin itatuwan da suka gwada, kuma wata tsagar tana danne wata, kamar yadda muryar babba ke danne ta yaro. Duk wanda ya yi rubutu a kan wannan fanni na koko har yau sai ya ambaci aikin nan na Tafo.

Salon koko kuwa ya bambanta da duk waɗanda muka zana. Shi ba ya tare baƙo a ƙofa, ba ya tare shi a hanya. Zaren yakan tafi lafiya lau har cikin mahaifa, ya sauke abin da ya ɗauko. A nan ne, a matakin ƙarshe, iri na namiji da na mace za su tsaya gab da juna su ƙi haɗuwa. F. W. Cope, wanda ya yi aiki a Tirinidad, ya nuna a 1962 cewa wannan ƙin yakan faru a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayayen, ko rabi, ko dukkansu, gwargwadon tsagogin da suka gamu. Ko da kashi ɗaya cikin huɗun ne kawai suka ƙi, itacen ba ya tsayawa ciniki, cikin kwana uku zuwa huɗu sai ya kakkaɓe furen gaba ɗaya. An ɗaura aure, an kai amarya, sannan aka fasa. A 2017 wata ƙungiya ƙarƙashin Claire Lanaud ta Faransa ta nuna cewa wurare biyu ne ke da hannu a ciki, ɗaya a kan igiyar gado ta 1, ɗaya a kan ta 4, daga cikin igiyoyi 10 da koko ke da su. Amfanin wannan shi ne ana iya gwada ganyen ɗan dashe a ɗakin bincike a san halinsa, ba sai an jira ya girma ba.

Masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Halin nan da ya zo kamar cikas, shi ne kuma ya zama abin aiki. In kana son haɗa iri biyu ka sami ɗan gauraye mai ƙarfi, uwar da ba ta karɓar garin kanta ta rage maka rabin wahala, domin duk abin da ta haifa ɗan waje ne. A kan wannan aka gina gonakin iri na farko. Yau Hukumar Koko tana da sashen samar da iri inda ma'aikata ke yin barbara da hannu, kuma tun 2017 ta kai wannan aiki har cikin gonakin manoma. A daji kuwa, masu wannan aiki wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ne da ba su kai sauro ba, suna hayayyafa a ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko da kututturen ayaba. Ba su da dogon tashi. Saboda haka maƙwabcin itace shi ne galibi mijinta, in kuwa maƙwabcin mai tsagarta ne, shi ke nan.

To, goro fa? Shi dabara biyu ya haɗa. Itace guda yana fitar da fure iri biyu: ƙanana masu yawa waɗanda maza ne zalla, da manya waɗanda su ke zama kwanso. A kan wannan kuma ga ƙin kai, ga ƙin wasu 'yan'uwa. Don haka kalmar nan ta "namiji ne" sau da yawa zalunci ce. Itacen yana da furen mace, mijin da ya dace ne bai samu ba. Masu bincike a Tafo da takwarorinsu na cibiyar koko ta Ibadan, waɗanda dukkansu goro na cikin aikin da aka ɗora musu, sun daɗe suna lissafa wannan a cikin manyan dalilan da ke sa gonar goro ba ta ba da abin da ya kamata. Hanyar da suke bi ita ce ta Knight da Rogers: a gwada wannan da wancan da hannu, a ware waɗanda suka dace da juna, da 'yan kaɗan ɗin da ke karɓar garin kansu, a yaɗa su.

Ga inda kuskuren yake shigowa, kuma kuskure ne na mai neman gyara, ba na malalaci ba. Mutum ya ga wani itace mai albarka, goronsa manya, fari tas, mai daɗin ajiya. Sai ya ce daga wannan zan cika gonata. Ya kwashi ƙwaya ɗari biyar daga gare shi ya shuka. To, mu yi lissafi. Uwar tana da tsaga biyu, kowane ɗa zai ɗauki ɗaya daga ciki. In aka yi rashin sa'a uban ma guda ne, watau maƙwabcin nan nata, to duk ɗari biyar ɗin ba za su wuce gida huɗu ba ta fuskar tsaga. Kowane itace yana kewaye da waɗanda ba zai karɓa ba. Wanda ya bi ta hanyar yankan reshe ko aure, irin yadda ake yi wa mangwaro, daga uwa ɗaya tak, nasa ya fi muni. Hanyar tana da kyau, tana rage shekarun jira, tana kuma kawo halin uwar sak. Amma itace ɗari biyar daga reshen uwa ɗaya, a wurin furen, mutum ɗaya ne ya tsaya a wuri ɗari biyar. Ita uwar da ake sha'awa, ba ita kaɗai ta yi albarkar ba, da wani itace a kusa da ita wanda ba wanda ya kula da shi.

Wannan ne ya sa muke ganin tsofaffin gonakin da ake rainawa, waɗanda goro ya tsiro barkatai a tsakanin koko, wannan daga nan wancan daga can, wani lokaci sukan kunyata sabuwar gona mai layi-layi. Kuma shi ya sa ba ma goyon bayan a yi saurin kai gatari ga itacen da ba ya haihuwa. Mai yiwuwa garinsa ne ke ɗaukar nauyin na kusa da shi, a sare shi a ga sauran sun ja baya. In ya tabbata ba ya amfanar kowa, sannan a sare, ko a yi masa aure da reshen wani.

Wanda zai sa kuɗi a sabuwar gona, tambayar farko da zai yi wa mai dashe ba ta farashi ba ce. Ya tambaye shi daga itace nawa aka ɗebo irin nan, kuma daga gona nawa. In amsar ita ce daga wani itace guda mai kyau, to ya nemi ƙari daga wasu wurare, a cuɗanya su wajen dasawa, kada a ware kowane iri a kusurwarsa. In da hali, ya je Tafo ko ya nemi malamin gona na yankin ya tambayi irin da aka riga aka gwada dacewarsu. Ga mai koko kuma, ya karɓi kwanso ko dashe daga gonakin iri na Hukuma. Ɗiban iri daga kwanson gonarsa, ko da kuwa gonar ta gauraye ce mai kyau, jikoki ne zai shuka waɗanda ba a san ubansu ba, kuma ba sa kai iyayensu.

Mai tsohuwar gona da ke zargin wani itace yana iya gwadawa da kansa lokacin fure. Da sassafe ya tsinko furen namiji sabon buɗewa daga wani itace mai nisa, ya goga garinsa a kan manyan furanni goma na itacen da ake zargi, ya ɗaura musu zare ja. Wasu goma kuma ya goga musu garin itacen kansa, ya ɗaura musu zare fari. Bayan mako biyu ya dawo ya ƙirga zaren da ke sama da wanda ke ƙasa. In jan ma ya zube, ya sake gwadawa da garin wani itacen na uku kafin ya yanke hukunci.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.